Fuskar da Ba a Kallo a Bakata

Can bayan babban teku, a bisa wasu tuddai masu sanyi inda gajimare ke saukowa har cikin gonakin masara da dankali, an yi wata al'umma da ake kira Muiska. Wannan fa tun jiragen Turawa ba su san hanyar ƙasar ba. Manyan sarakunansu biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna: Zipa a kudu, a birnin Bakata, sai Zake a arewa, a birnin Hunza. Abin da ke haɗa su faɗa kuwa gishiri ne. Rijiyoyin ruwan gishiri suna bakin iyaka, mata su dafa ruwan a manyan tukwane har ya daskare ya zama kantu, da kantun nan kuma ake sayo auduga da zinariya daga ƙasashen zafi. Saboda haka da wuya shekara ta zagayo ba a zubar da jini a kan rijiyoyin nan ba.

Mutanen nan suna da wata doka da ni dai har yau ban gama mamakinta ba. Ba a kallon fuskar sarki. Bafade zai shigo da baya, ya zauna ya ba sarki ƙeya, ya yi maganarsa yana fuskantar bango. In ɓarawo ya gagari bulala, ba kashe shi ake yi ba. Kansa ake kamawa a ɗaga, a tilasta masa ya dubi fuskar Zipa, daga ranar kuma ko uwar da ta haife shi ba ta sake cin abinci tare da shi. A wurinsu mutuwa ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

A zamanin Zipa Sakwamuza, Sarkin Yaƙin Bakata wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai suna Tibakwa. Shekara ashirin da bakwai yana yi wa Zipa hidima. Ya san muryarsa ko a cikin tsawa, ya san tarinsa, ya san yadda yake jan numfashi in ransa ya fara ɓaci. Amma da za ka tambaye shi hancin ubangidansa dogo ne ko gajere, sai dai ya zare maka ido. Da wannan rashin sani yake tinƙaho, kamar yadda wani ke tinƙaho da tabon yaƙi.

Wata safiya aka buga gangar fada tun rana ba ta leƙo kan duwatsu ba. Tibakwa ya iso hankalinsa a tashe, domin kwana uku ke nan birnin bai zauna lafiya ba. A ƙofar fada akwai fayafayan zinariya da aka rataya a jere, iska na kaɗa su suna amo. Kwana uku a jere ana wayar gari a tarar ɗaya ya faɗo ƙasa, igiyarsa ba ta tsinke ba, iska kuma ba ta taso ba. Mata suka daina barin yara su fita, a kasuwa kowa sai raɗe-raɗe yake yi.

Fadawa suka zazzauna, kowa ya ba karaga baya. Sarkin Fada Nimsaka ya yi gyaran murya. Siririn mutum ne mai laushin harshe, shi kaɗai ke shiga ɗakin Zipa na ciki, kuma in ya yi maka murmushi gara ka koma gida ka bincika abin da ya ɓace. Ya sanar cewa manzon Zake yana ƙofa.

Manzon ya shigo da baya kamar yadda doka ta ce, ƙafafunsa duk taɓo saboda gudun kwana biyu. Ya ajiye rabin kantun gishiri da mazarin kaɗi a ƙasa, ya ɗaga murya.

“Ga saƙon ubangijina Zake, mai Hunza, mai duwatsun arewa. Yana gaishe da ɗan'uwansa na Bakata. Ya ce rijiyoyin da ke bakin Kogin Tinza na kakanninsa ne, ya zo karɓar abinsa, kuma da kansa ya zo, a bisa karagarsa, yana jira a hayin kogi. In Zipa namiji ne, su haɗu a can kafin wata ya cika. In kuwa ƙafafunsa sun yi nauyi, ga mazari nan ya taya matansa kaɗi, ga kuma gishiri ya sa a miya.”

Tibakwa ya ji numfashin nan da ya sani yana fita da ƙarfi a bayansa.

Sarkin Tsafi ne ya fara magana bayan an fitar da manzo. Tsoho ne da azumi ya busar, bakinsa kore shar da hayo, wato wani ganye da suke taunawa yadda muke cin goro.

“Ranka ya daɗe, zinariya ce ta faɗi, ba itace ba. Kwana uku ban ɗanɗana gishiri ba ina roƙon Suwe, ubangijin rana, ya buɗe mini ido. Abin da na gani shi ne masu suna sauka a kan karagar Bakata kamar ƙanƙara. Kada karagar nan ta haye kogi da Zipa a cikinta. Na faɗi nawa.”

Tibakwa ya sa goshi a ƙasa. “Damisar Bakata, mai gishiri, mai zinariya, Suwe ya ja zamaninka. Bawanka na neman izinin magana. Maganar Sarkin Tsafi ba abar wasa ba ce. Ka ba ni mayaƙa dubu huɗu, kai kuwa ka zauna a fadarka cikin ƙoshin lafiya. In ban dawo maka da mazarin nan a soke a kunnen Zake ba, ka tuɓe ni. Tsokana ce yake yi don ya fito da kai fili, kada ka biye masa.”

Fadawa suka yi ta gyaɗa kai. Sai Nimsaka ya yi ɗan murmushin nan nasa, wanda ko da ba ka gani ba kana jin sa a murya.

Kafin ku ji abin da ya ce, sai in gaya muku cewa a ƙasar nan ba ɗan sarki ke gadon sarauta ba, ɗan 'yar'uwarsa ne. Magajin Sakwamuza shi ne Yarima Bikuca, mai garin Ciya, kuma kowa ya san ya fara gajiya da jira.

“Sarkin Yaƙi ya yi magana mai kyau,” in ji Nimsaka. “Abin da na fahimta shi ne, a ba shi mayaƙan Bakata duka ya fita da su, a bar Zipa a gida da mata da tsofaffi. Hanyar Tinza kuma, in ban manta ba, ta ƙofar Ciya take bi. A Ciya ne kuwa Yarima yake zaune, wanda Sarkin Yaƙi ya koya wa riƙon mashi tun yana ƙarami. Ni ban ce komai ba, ranka ya daɗe. Hanya kawai nake tunawa.”

Da a fili ne, da Tibakwa ya riga ya raba Nimsaka da haƙoransa. Amma a fada ko waiwaye ba a yi, sai ya haɗiye fushinsa.

“Sarkin Fada, ka faɗi abin da ke bakinka a fili. Shekara ashirin da bakwai ina tare masun abokan gaba da ƙirjina, kai kana ɗaki kana zaɓar wa Zipa mayafi. Yau ni kake jifa da cin amana?”

“Ya isa.”

Muryar Zipa ce, mai kauri, ba ta gaggawa. Kowa ya sunkuya.

“An aiko wa Sakwamuza da mazari a gaban fadawansa. In na zauna, jikokin jikokina za su ji shi a waƙa. Zan fita, karagata za ta haye Tinza. Tibakwa, raina yana hannunka. In na dawo Bakata da rai, maganar Sarkin Fada ta bi iska. In ban dawo ba, kowa ya san wanda za a tambaya.”

“Na rantse da Suwe da ƙasusuwan kakannina,” in ji Tibakwa, “in ban dawo da kai da rai ba, a kama kaina a ɗaga kamar na ɓarawo, in dubi fuskar wanda ya gaje ka, a kuma rushe gidana da duk wanda ke ciki.”

Aka sallami fadawa. Zipa ya ce Sarkin Fada da Sarkin Tsafi su tsaya. Tibakwa ya fita yana jin ciwon abin a ransa, domin a da in za a yi shawarar yaƙi shi ake tsayarwa.

Bayan kwana biyar runduna ta tashi. A gaba akwai masu ɗauke da busassun gawarwakin tsofaffin jarumai, an naɗe su da auduga an goya su, don kakanni su ga yadda jikokinsu ke yaƙi. Bayansu masu majajjawa, sai masu wurga ƙananan masu, sai zaratan bakin iyaka da ake kira gweca, masu askakkun kawuna da tsinkayen zinariya a leɓe. A tsakiya karagar Zipa take tafe a kafaɗun ƙarti goma sha biyu, an lulluɓe ta da labulen auduga mai zane, zinariya na walƙiya a jikinta. Wasu na share hanya a gabanta, duk ƙauyen da ta ratsa kuwa mutane su zube su juya mata baya.

Tibakwa bai zauna ba a tafiyar nan. Yanzu yana gaba yana duba hanya, an jima yana gefen karaga yana ƙirga masu gadi, ya canja wannan ya mayar da wancan. Da suka zo ƙofar Ciya, ko ruwan garin bai yarda an sha ba, ya hana Yarima fitowa gaisuwa don kada a samu abin faɗa. Abin da ya fi damunsa shi ne shirun karaga. Sau da yawa yakan je ya ba ta baya ya faɗi yadda ake ciki, amma ko tari bai ji ba. Umarni sai dai ya zo ta bakin Sarkin Fada.

“Zipa yana azumin magana har a gama yaƙi,” in ji Nimsaka. “Sarkin Tsafi ne ya ɗora masa.”

Tibakwa bai yarda ba. A ransa ya ce fushi ne, an riga an ɓata shi a wurin ubangidansa. Wannan tunani ya riƙa cin sa fiye da tunanin Zake da rundunarsa.

Shi kuwa Nimsaka can baya ya maƙale cikin 'yan dako masu ɗauke da masara da tulunan giya, wai ƙafarsa ke ciwo. Barde Gwasuka, mataimakin Tibakwa, ya yi dariya ya ce, “Ciwon ƙafar Sarkin Fada ba ya tashi sai an doshi abokan gaba.” Tibakwa bai taya shi dariyar ba.

A rana ta huɗu da hantsi suka iso Tinza. Kogi ne mai zurfi da ƙarfin gudu, ruwansa sanyi ƙalau, gadarsa kuma ta gungume da igiya ce, ba ta ɗaukar fiye da mutum uku a jere. Suka haye, 'yan dako suka haye a ƙarshe suka zauna a bakin gada da kayansu. Can a kan gangare rundunar Zake ta yi sahu, fuka-fukan kawunansu na kaɗawa, karagarsa na ƙyalli a tsakiya.

Aka busa ƙahoni, aka yi kururuwa, duwatsun majajjawa suka fara tashi. Tibakwa ya ja gweca suka afka wa tsakiyar rundunar Hunza. Kulkinsa na baƙin icen giginya ne, kuma ranar ya yi aiki. Kafin rana ta take, sun tura mutanen Zake har rabin tudu, masu goyon gawarwakin kakanni suna biye suna kirari. Har ya fara hango nasara.

Ashe Zake ba yaro ba ne. Ya ɓoye rabin mutanensa a cikin dogayen ciyayin bakin kogi tun kafin gari ya waye. Da ƙaho ya yi kuka sau uku suka fito kashi biyu. Kashi ɗaya ya nufi gada, ɗayan ya yi kan karagar Zipa kai tsaye.

Gwasuka ya iso a guje, jini na zuba a goshinsa. “Sarkin Yaƙi, sun faɗa wa 'yan dako a bakin gada, suna yanka su kamar kaji!”

“Ɗauki mutum ɗari ka riƙe mini gadar, ba ruwana da 'yan dako!” in ji Tibakwa. “Sauran ku biyo ni, karaga!”

Abin da Sarkin Tsafi ya gani shi ne ya faru. Masu na sauka a kan karaga ta ko'ina, labulenta duk ya huhhuje, huɗu daga cikin masu ɗaukarta sun faɗi, ta karkace tana neman kifewa. Tibakwa ya kutsa yana ruri. Mashi ya tsaga masa cinya bai ji ba. Ya sa kafaɗarsa ya tallafi sandar karaga da kansa har wasu suka karɓa, ya kewaye ta da gweca, suka fara ja da baya taku bayan taku. Zaratan da ya yi shekara goma yana horarwa suka riƙa zubewa a gabansa, bai tsaya ya dubi ko ɗaya ba. Abu ɗaya ke ransa, ya haye kogin nan da ubangidansa.

Da suka iso bakin gada, Gwasuka ya riga ya kori maharan, amma wurin ba kyan gani. Tuluna a farfashe, masara a warwatse, gawarwakin 'yan dako birjik. Masu sauran numfashi da suka hango karaga, kowa ya yi ta maza ya juya. Har wanda hanjinsa ke waje ya mirgina ya kifa fuskarsa a taɓo.

Mutum ɗaya ne bai juya ba. Wani dattijo ne a tsaye a kan gadar, daidai tsakiyar hanya, sanye da tsohon gwado mara rini mai ƙunar wuta a kafaɗa. Ƙaramin mashi ya shiga ta kuncinsa ya fasa masa muƙamuƙi, jini ya jiƙe masa ƙirji. Ya ɗaga kai ya ƙura wa karaga ido, sa'an nan ya dubi Tibakwa, ya ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da su.

“Kauce, ka juya fuskarka!” Tibakwa ya daka masa tsawa.

Dattijon bai motsa ba. Bakinsa na motsi, amma ba abin da ke fita sai kumfar jini. Idonsa ƙyam a kan Sarkin Yaƙi, ba tsoro a ciki ko kaɗan.

“Ɗan dako, kana hauka ne? Karagar Zipa kake kallo! Juya!”

A baya kururuwar Hunza na ƙara matsowa, duwatsu sun fara faɗowa a kan masu ɗaukar karaga. Dattijon ya tako gaba, ya miƙa hannu zai kama labule. Nan ne idon Tibakwa ya rufe. Ga haɗari a baya, ga rashin kunya a gaba irin wadda bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Ya ɗaga kulki ya sauke masa a gefen kai. Dattijon ya tafi da baya ya faɗa kogi, ruwa ya yi gaba da shi.

Karaga ta haye, runduna ta biyo, Gwasuka ya sare igiyoyi, gada ta rufta. Mutanen Zake suka tsaya a hayi suna zagi.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka hau wani tudu nesa da jifan majajjawa. Tibakwa ya sa aka sauke karaga a gindin wata bishiya, ya kori kowa zuwa gangare, har masu ɗaukarta. Cinyarsa na zubar da jini, amma zuciyarsa fari tas. An rasa rijiyoyi, an rasa mutane, shi dai ya cika alkawari. Ya durƙusa ya ba karaga baya.

“Damisar Bakata, Suwe ya ja zamaninka. Yau ba mu ci nasara ba, laifin kuma nawa ne, ban binciki ciyayin bakin kogi ba. Amma ga ka a ƙasarka da ranka. Ko da kalma ɗaya ce, ka ce wa bawanka wani abu.”

Sai ya ji sheshsheƙar kuka a cikin labule. Wata siririyar murya ta ce, “Sarkin Yaƙi, ka yi mini rai. Na rantse da Suwe, ba ni na sa kaina ba.”

Ba muryar da ya sani ba ce. Tibakwa ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya juya ya yaye labulen. Wani mai tumbi ya gani a takure, an ɗora masa hular zinariya da ta yi masa yawa, hawaye ya wanke jan fentin fuskarsa. Kupaza ne, mai dafa wa fada giyar masara.

“Ina Zipa?”

“Shi ya ce in zauna a nan in yi shiru, saboda abin da Sarkin Tsafi ya gani. Ya ce kada a gaya maka, wai ba a san inda zuciyarka take ba. Ya karɓi gwadona ya sa, ya bi 'yan dako tare da Sarkin Fada. Ya ce in an ci yaƙi zai dawo ya hau.”

Tibakwa ya ce, “Wane irin gwado?”

“Tsoho ne, ranka ya daɗe, mara rini. Wutar murhu ta taɓa ƙona shi a kafaɗa.”

Tibakwa ya zauna daɓas a ƙasa. A duk faɗin ƙasar Muiska ta kudu, yaro da babba, mai lafiya da mai gargarar mutuwa, kowa an koya masa juya fuska in karaga ta doso. Mutum ɗaya ne tak ba a taɓa koya wa ba. Ya tuna idon nan da ya tsaya a kansa ba tsoro, da hannun da aka ɗaga masa. Ashe umarni ake ba shi. Wani baƙin ciki ya taso masa wanda bai taɓa sanin akwai irinsa ba.

A haka Nimsaka ya same su. Ya hawo tudun jiƙe sharkaf yana kakkarwa, domin da aka faɗa wa 'yan dako kogi ya faɗa ya bar ubangidansa a tsaye. Ya dubi labule a yaye, ya dubi Sarkin Yaƙi a ƙasa.

“A gangare na ji masu ɗaukar karaga suna yabonka,” in ji shi a hankali. “Wai ka yi maganin wani tsoho mara kunya a kan gada.”

Tibakwa ya miƙe ya shaƙe shi da hannu ɗaya. “Kai ka jawo! Kai ka raba ni da shi, kai ka gudu ka bar shi!”

“Kashe ni,” in ji Nimsaka da ƙyar, “sa'an nan ka sauka ka gaya musu wanda ka buga.”

Hannun ya saki. Nimsaka ya yi tari, ya gyara mayafinsa, murya ta dawo masa.

“Saurara, Sarkin Yaƙi. In maganar nan ta sauka gangare, kafin rana ta faɗi ba sauran runduna, nan da kwana huɗu kuma Zake na cin abinci a fadar Bakata. Yarima zai hau, kuma don ya wanke kansa dole ya fara da kai. Ka tuna abin da ka rantse a kan gidanka. Matanka da 'ya'yanka suna ciki. Ni ma ba zan tsira ba, na sani. Amma ban da Sarkin Tsafi, wanda da shi aka ƙulla, mu uku ne kaɗai muka san abin da ke bayan labulen nan. Wa ya san fuskar Sakwamuza? Matansa, ni zan ji da su. Za a ce mashi ya sami Zipa a maƙogwaro, ba ya iya magana. Abin da yake so, ni zan riƙa faɗa.”

Kupaza ya fashe da sabon kuka. Babu wanda ya kula shi.

“Bari in bi kogi,” in ji Tibakwa. “In nemo shi, a naɗe shi, a binne shi da zinariyarsa kamar kakanninsa. Ko wannan kaɗai a bar ni in yi masa.”

“Ka ce wa mayaƙa gawar wa kake nema? Yaushe Sarkin Yaƙin Bakata ya fara bin kogi saboda ɗan dako?”

Daga gangare Gwasuka ya ƙwala kira, bayansa a juye.

“Sarkin Yaƙi! Mutane sun ƙi zama, wasu sun fara sulalewa. Sun ga masu a jikin labule, suna tambaya ko Zipa na da rai!”

Tibakwa ya dubi ruwan Tinza da ke gudu can ƙasa. Sa'an nan ya sa hannu ya ja labulen ya rufe mai dafa giya. Ya taka zuwa bakin tudu yana ɗingishi, ya cika ƙirjinsa da iska.

“Zipa yana raye!”

Gangaren ya ɗauka gaba ɗaya. Aka busa ƙahoni, masu rauni suka riƙa ɗaga masu sama, waɗanda suka fara gudu suka dawo. Wasu har kirari suke yi wa Tibakwa, jarumin da ya fito da ubangidansa daga bakin mutuwa. Kowace kalma sai ya ji ta kamar ana zuba masa garwashi.

Masu ɗaukar karaga suka hawo da baya suka sa kafaɗa. Nimsaka ya kara kunnensa a jikin labule ya yi jim, kamar mai sauraro. Ya ɗago ya yi gyaran murya yadda kowa zai ji.

“Zipa ya ce a kama hanyar Bakata. Ya ce Sarkin Yaƙi ya ajiye kulkinsa, ya wuce gaba ya share hanya.”

Aikin bayi ne wannan, kowa ya sani. Gwasuka ya ɗago kai cikin mamaki yana jiran ya ji tsawar Sarkin Yaƙi. Tibakwa ya ajiye kulkin a ƙasa, ya durƙusa ya ba karaga baya, ya sa goshinsa a taɓo.

“An gama, ranka ya daɗe.”